Ƙarfen Da Zai Mai Da Hayaƙi Ya Koma Mai: Inda Binciken Masana Ya Kwana

Duk wanda ya san unguwar Kado da ke cikin Abuja ya san abin da kan biyo bayan ɗauke wuta. Kafin a yi minti biyu sai rurin janareto ya kaure, tun daga rukunin gidaje har zuwa kasuwar kifi, inda masu ɗakunan sanyi ba su da halin barin ƙanƙara ta narke, gama narkewarta ita ce karyewar jari. Abin da galibin jama'a ba su sani ba shi ne, kowace lita ɗaya ta fetur da inji ya sha yakan amayar da kimanin kilo 2.3 na wata iska da masana ke kira kabon-dayoksaid, litar man dizal kuwa takan ba da wajen kilo 2.7. Mai karatu zai yi mamakin wannan lissafi, tun da litar fetur ita kanta ba ta kai nauyin kilo ɗaya ba. Dalilin shi ne, sa'ad da mai ke ci, kowace ƙwayar zarra ta kabon da ke cikinsa takan kama ƙwayoyi biyu na oksijin daga iskar da ake shaƙa, nauyinsu ne ke haɗuwa da nata.

Ita wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari. Baƙin hayaƙin da ake gani a bututun inji wani abu ne dabam. Ita ce ke sa lemun kwalba ya yi kumfa, ita ce kuma ke kumbura ƙullun waina in ya kwana. Kaɗan daga cikinta ba ta cuta, tsire-tsire ma da ita suke rayuwa. Yawanta ne abin tsoro, domin takan riƙe zafin rana ta hana shi komawa sama. Kafin zamanin masana'antu, cikin kowane kashi miliyan na iskar duniya, kashi 280 ne nata. A shekarar 1958, da aka fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai, an sami wajen kashi 315. Yanzu ta haura 420. Saboda haka ne Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron Gilasgo cikin watan Nuwamba na 2021, cewa nan da 2060 Nijeriya za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take kwashewa, ya kuma sa hannu kan dokar sauyin yanayi cikin wannan watan.

To, tambayar da ta daɗe tana cin masana ita ce: tun da ƙona mai ne ya haifi wannan iska, shin za a iya juya akalar, a mai da iskar ta koma mai? Amsa ita ce ana iyawa. Ganyen bishiya kullum aikinsa ke nan, da taimakon hasken rana. Su kuwa masana da wutar lantarki suke yi. Sukan tsoma faranti biyu na ƙarfe cikin ruwan da aka narkar da wani gishiri ɗan'uwan kanwa, su busa iskar a ciki, sa'an nan su saki wuta. A jikin faranti ɗaya, ƙwayoyin wutar da ake kira ilektaron sukan haɗu da haidirojin da ke cikin ruwa su far wa iskar, su ƙwace mata oksijin, su gina wani abu sabo.

Wahalar duka tana wajen sanin abin da zai fito. In ilektaron 2 suka shiga, a sami kabon-monoksaid, watau gubar nan da ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki, wadda a masana'anta kuwa kaya ce mai daraja. Ko kuma a sami asid ɗin fomik. In 8 suka shiga, a sami metan, wanda shi ne jigon iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa da ake ɗura wa motoci yanzu. In 12 ne, a sami etilin, uwar leda da robobi, ko etanol. Akwai kuma babban ɗan kutse: ruwan kansa yakan tsage ya ba da haidirojin zalla, wutar ta tafi a can, iskar da ake so a sarrafa ta wuce abinta ba a taɓa ta ba. Mai yanke hukunci a kan duk wannan shi ne irin ƙarfen da aka yi farantin da shi.

Aikin ƙarfen nan daidai yake da na dillali a kasuwa. Ba shi ne mai kaya ba, ba shi ne mai saye ba, kuma in an watse yana nan yadda yake. Amma in ba shi, sai a wuni ana kallon juna ba a ƙulla ciniki ba. Masana suna kiran irin wannan abu katalis.

Abin Da Hori Ya Gano

Mutumin da ya fara tantance dillalan nan ɗaya bayan ɗaya shi ne Farfesa Yoshio Hori na Jami'ar Chiba a ƙasar Japan. Cikin shekarar 1985 shi da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon gwajin ƙarafa iri-iri, suka ci gaba da tacewa har zuwa 1994 sa'ad da suka raba su gida huɗu. Dalma da kuza da zaiba, asid ɗin fomik suke bayarwa. Zinariya da azurfa da tutiya, kabon-monoksaid. Baƙin ƙarfe da nikel da filatinam ba ruwansu da iskar, haidirojin kawai suke tatsa daga ruwa, sama da kashi 85 cikin 100 na wutar a can take ƙarewa. Gida na huɗu kuwa ƙarfe ɗaya tak ke cikinsa, shi ne jan ƙarfe, wanda wasu ke kira tagulla, irin wanda ke cikin wayar lantarki. Shi kaɗai ne ya iya kai iskar har matsayin mai. A ma'aunin Hori, kimanin sulusin wutar ya tafi ga metan, rubu'i ga etilin, kusan humusi ga haidirojin, ragowar ta watsu cikin wasu abubuwa.

Jan ƙarfe dai ba baƙo ba ne a tarihin ƙasar Hausa. Matafiyin nan Ibn Battuta, da ya sauka Takadda a shekarar 1353, ya ba da labarin yadda ake haƙo shi a can, a narka, a zuba shi sanda-sanda ana ciniki da shi maimakon kuɗi, ana kuma kai shi Gobir da Barno. Masu tonon kufai suna ganin Takadda ita ce Azelik ta jihar Agadas a Jamhuriyar Nijar. Ƙarfen da ya taɓa zama kuɗin sayen gero da nama a bakin hamada, shi ne yau ɗaruruwan ɗakunan bincike ke kwana a kansa.

Sai dai jan ƙarfe dillali ne marar tsayar da magana. A shekarar 2012 Kendra Kuhl da Thomas Jaramillo na Jami'ar Stanford ta Amurka suka ƙirga abubuwan da ke fitowa daga farantinsa, suka sami iri 16. Ga mai masana'anta wannan ba abin murna ba ne ko kaɗan. Wanda ya kai gero niƙa aka dawo masa da gari gauraye da na masara da rogo da wake, ya san kuɗin rarrabewa zai fi kuɗin niƙan.

Shigowar Kwamfuta

Hori ya nuna abin da ke faruwa, amma dalilin faruwarsa ya ɓuya, domin cinikin yana ƙulluwa ne a fatar ƙarfe, ƙarƙashin ruwa, tsakanin abubuwan da ba su wuce ƙiftawar ido suna raye ba. Nan ne lissafi ya shigo. Tun cikin 1964 da 1965 Walter Kohn da abokansa Pierre Hohenberg da Lu Jeu Sham suka shimfiɗa wata hanya ta gano ƙarfin da ke riƙe da ƙwayoyin zarra ta wajen duba cunkoson ilektaron a kewayensu, maimakon bin sawun kowane ilektaron shi kaɗai, abin da ba kwamfutar da za ta iya. Wannan hanya, da aka fi sani da DFT, ita ta jawo wa Kohn kyautar Nobel a 1998.

Yadda ake yi shi ne, mai bincike ya jera ƙwayoyin zarra na ƙarfe 'yan gomomi a cikin kwamfuta, tamkar mai jera tubali, ya ɗora ƙwayar sinadarin da yake so a kai, na'ura ta lissafa masa iyakar yadda suka kama juna. Sai ya ƙara haidirojin ɗaya, a sāke lissafi, ya ƙara wani, a sāke, har ya bi hanyar tun daga iska zuwa mai, ya ga matakin da ya fi tsayi. Wannan matakin shi ke nuna yawan wutar da za a buƙata.

Da farko ruwa da wutar lantarki sun gagari wannan lissafi. A shekarar 2004 Farfesa Jens Nørskov na Jami'ar Fasaha ta Denmak da jama'arsa suka zo da wata dabara irin ta ɗan canji. Maimakon a sha wahalar ƙiyasta darajar ilektaron da ƙwayar haidirojin da ke yawo cikin ruwa, sai a canza su zuwa kuɗin da aka san farashinsa, watau rabin ƙwayar iskar haidirojin, sa'an nan a ƙara ko a rage gwargwadon ƙarfin wutar da aka saki. Dabarar tana da sauƙi har wasu suka raina ta, amma ita ta buɗe ƙofa. A 2010 Andrew Peterson tare da Nørskov da Jan Rossmeisl da wasu suka bi da ita ta kan jan ƙarfe, suka nuna cewa matakin da ya fi wuya shi ne sa'ad da kabon-monoksaid da ke manne da ƙarfen zai karɓi haidirojinsa na farko. Ƙarfin wutar da lissafinsu ya ba da ya zo kusa da wanda Hori ya auna da hannunsa shekaru da dama kafin nan.

Daga nan sai sirrin gidaje huɗun nan ya fara warwarewa, ya kuma dace da wata tsohuwar ƙa'ida ta Paul Sabatier, Bafaranshen da ya ci kyautar Nobel a 1912, wadda ke cewa katalis na ƙwarai tilas riƙonsa ya zama tsaka-tsaki. Zinariya da azurfa riƙonsu sakwa-sakwa ne: da zarar kabon-monoksaid ya samu sai ya suɓuce ya tashi, ciniki ya tsaya a nan. Filatinam da nikel kuwa sukan ƙanƙame shi har ya kasa motsi, ya toshe wurin, sai haidirojin kaɗai ke samun hanya. Jan ƙarfe ne ya faɗo a tsakiya, yana riƙe shi daidai yadda zai tsaya a yi masa ƙari, bai kuwa matse shi har ya shaƙe ba. A 2017 Alexander Bagger da Rossmeisl na Jami'ar Kopenhegen suka ƙara fayyace abin da ma'auni biyu kacal, watau riƙon kabon-monoksaid da riƙon haidirojin. Da suka jera ƙarafan bisa waɗannan ma'aunai, sai gidajen Hori suka fito da kansu, jan ƙarfe yana zaune shi kaɗai a kusurwar masu kama na farko su yi sako-sako da na biyu.

Lissafin ya kuma tono wani labari marar daɗi. Abubuwan da ke bin juna a wannan hanya duk da ƙafar kabon suke tsayawa a kan ƙarfe, saboda haka riƙonsu tare yake tafiya, kamar zariyar wando: in an ja, ko'ina ya tsuke, in an saki, ko'ina ya saki. Mai bincike yana so ya tsuke wuri ɗaya ya sassauta wani, ƙarfe zalla kuwa ba ya yarda. Wannan ne ya sa ko jan ƙarfen ma sai an tura masa wuta fiye da kima, shi ne kuma ya sa aka koma neman gaurayen ƙarafa, inda ƙwaya ɗaya za ta kama kabon, maƙwabciyarta ta kama oksijin.

Har wa yau an gane cewa fuskar ƙarfen ma tana da magana. Inda ƙwayoyin jan ƙarfe suka jeru murabba'i-murabba'i, etilin ya fi fita. Inda suka cunkushe kamar saƙar zuma, metan ya fi yawa. Hori ya ga haka a gwaji, sa'an nan a 2013 Federico Calle-Vallejo da Marc Koper na Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan suka nuna a lissafi cewa jerin murabba'in ne ke ba ƙwayoyin kabon-monoksaid biyu damar zama kafaɗa da kafaɗa har su ƙulla da juna, wanda shi ne mafarin etilin.

Babbar nasarar da masu wannan fanni ke tinƙaho da ita ta zo a 2020. Ƙungiyar Zachary Ulissi ta Jami'ar Carnegie Mellon da ta Edward Sargent ta Jami'ar Toronto a Kanada suka sa kwamfuta mai koyo da kanta ta tace gauraye 244 na jan ƙarfe da wasu ƙarafa. Ta nuna musu gaurayensa da alminiyam, ƙarfen tukwanen nan na kasuwa. Da suka ƙera suka gwada, fiye da kashi 80 cikin 100 na wutar ya tafi ga etilin. Daga rubu'in Hori zuwa nan ba ƙaramar tafiya ba ce.

Duk da haka bai kamata a ɗauki maganar kwamfuta tamkar yankan wuƙa ba. Kuskuren da aka saba samu a irin wannan lissafi ƙarami ne a ido, amma ya isa ya sa a yi hasashen saurin aiki ya sāɓa da gaskiya ninki goma, wani lokaci ma ɗari. Ƙarfen da ke cikin na'ura sumul yake, a daskare; na cikin ruwa kuwa fuskarsa takan sāke siffa yana tsakiyar aiki. Hatta irin gishirin da aka narkar a ruwan yakan juya sakamako, abin da sauƙaƙan lissafin farko bai san da shi ba. Shi ya sa har yanzu manyan masanan ke jayayya a kan wasu matakai na hanyar etilin da etanol.

Ina Rabon Nijeriya?

Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan, domin akwai masu zaton wata rana za a maƙala wata 'yar na'ura a bututun janareto ta riƙa mai da hayaƙi cikin tanki. Wannan ba zai yiwu ba. Ƙarfin da aka samu wajen ƙona mai, sai an biya shi duka, da riba a kai, kafin iskar ta koma mai. A takarda, abin da ake buƙata don yin etilin bai kai ƙarfin batirin tocila guda ba, amma a aikace sai an ba da na batir biyu ko fiye, ragowar ta zama zafi. In da janareto za a samar da wutar, an yi ba a yi ba ke nan, hayaƙin da za a fitar ya fi wanda za a kwashe. Sana'ar ba ta da ma'ana sai inda ake da rarar wuta mai tsabta kuma mai araha. Kamfanin Twelve, wanda Kendra Kuhl na cikin waɗanda suka kafa shi, da ya tashi aza harsashin masana'antar man jirgin sama a 2023, garin Moses Lake ya zaɓa a jihar Washintan, yankin da ke shan wuta daga madatsun ruwa.

Ƙasar da mutanenta sun haura miliyan 200 amma abin da ke bin manyan layukanta yawanci bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,500 ba, wadda a watan Oktoba na 2024 yawancin jihohinta na Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, ba ta da rarar da za ta zuba a wannan aiki yau. Duk wani sabon faifan hasken rana da aka kafa, asibiti da injin ban ruwa da ɗakin sanyin kifi sun fi cancantarsa. Ga kuma matsalolin da ko ƙasashen da suka ƙoshi da wuta ba su gama da su ba: wani kaso na iskar yakan rikiɗe ya zama gishiri ya toshe ƙofofin farantin, kuma yawancin gwaje-gwajen etilin da awoyi ake ƙirga ƙarkonsu, alhali masana'anta da shekaru take lissafi.

Amma akwai abubuwan da ƙasar nan take da su. Kwashe iskar daga sararin sama yana da tsada ƙwarai, tun da ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin dubu ba a can. A bakin bututun masana'antar siminti kuwa a tattare take, domin kowane kilo 100 na dutsen farar ƙasa da aka gasa yakan saki kilo 44 nata, ko da wace irin wuta aka gasa shi. Ga Obajana a jihar Kogi, ga Kalambaina a Sakkwato, ga Ashaka a Gombe, biyun ƙarshen nan kuwa a yankin da rana ba ta rowa suke. Mai da wannan iska kayan sana'a ma ba sabon abu ba ne a nan: masana'antun takin yuriya na Eleme da Lekki da ita suke haɗa amoniya su fitar da takin da manomi ke watsa wa masara.

Ɓangaren lissafin kuwa shi ne mafi sauƙin shiga, domin ba ya neman zinariya ko filatinam, sai kwamfuta da ƙwaƙwalwa. Wasu manhajojin aikin, irin su Quantum ESPRESSO, kyauta ake saukar da su. Cibiyar nazarin kimiyya ta Trieste a Italiya, wadda Farfesa Abdus Salam ya kafa a 1964, tana tallafa wa wata makaranta mai zagaya ƙasashen Afirka da ake kira ASESMA, inda ake koya wa matasa wannan lissafi. Ta zauna a Akara a 2016, ta zauna a Kigali a 2023. Reshen cibiyar da ke Kigali ma ɗan Nijeriya ne, Omololu Akin-Ojo, ya fara shugabantarsa. A nan Abuja akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka a Galadimawa, wadda aka kafa a 2007 mai koyar da kimiyyar kayan ƙira da ta lissafin kwamfuta, akwai kuma cibiyar Sheda a hanyar Lokoja. Afirka ta Kudu ta riga ta nuna abin da gwamnati za ta iya yi, sa'ad da ta ƙaddamar da babbar kwamfutarta mai suna Lengau a birnin Kef a 2016, masu bincike na jami'o'inta suna aika mata aiki daga inda suke.

In ana neman inda ɗalibin ƙasar nan zai sa hannu ba tare da ya shiga turmutsutsun da ake yi a kan jan ƙarfe ba, to ga kuza. A jadawalin Hori, kusan kashi 88 cikin 100 na wutar da aka ba ta asid ɗin fomik take zama, ilektaron 2 kacal ake kashewa maimakon 12, kuma ba ta da gubar dalma wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Shi wannan asid, wanda aka fara tatsowa daga jikin tururuwa har ya samo sunansa daga sunanta na Latin, yana cikin sinadaran da masana'antun jima na zamani ke jiƙa fata da su, irin waɗanda ke Challawa da Sharaɗa a Kano. Kuzar kuwa tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka fara kwasarta daga tsaunukan Jos zuwa Ingila, har yau kuma masu haƙa da diga da shebur suna fito da ita daga ramukan Bukuru da Barikin Ladi suna sayarwa da kilo.